Katin da Ke Ƙasan Randa

Mijina Tumiran irin mutanen nan ne da in kun zauna a shagon mai shayi, hannunsa ne yake fara shiga aljihu. Shekara talatin da ɗoriya muna tare, ban taɓa ganin wanda ya riga shi biya ba. Mutanen garinmu, Muar, suna cewa Allah ya yi masa kyauta. Ni da nake buɗe wasiƙun banki, na san da kuɗin wa ake kyautar.

A wani kamfanin kujeru da gadaje yake aiki, shi ne mai kula da sito, kuma albashin ba laifi. Sai dai ɗan gidanmu mai ɗaki uku, wanda muka saya da bashin banki tun 'yarmu tilo Izzati tana goye, har lokacin ba mu gama biyan sa ba, don a tsakiyar tafiya mun sake jinginar da shi aka faɗaɗa kicin. Ga kuma katunan cin bashi har uku a aljihunsa. Kowace ƙaramar Sallah sai mun buɗe gida ga jama'a: rumfa har titi, masu girkin haya da fararen huluna, sababbin labule, mu uku mu yi anko. A goga kati. Kafin a gama biyan na bara, wata Sallar ta kawo kai. Na yi magana har bakina ya gaji.

Abin da bakina ya kasa, jana'izar Baharom ce ta yi shi. Baharom abokin aikinsa ne da ya riga shi ritaya. Kuɗin ajiyarsa na ritaya, ranar da suka shigo ranar masu bin sa suka raba su, har ya koma gadi a wani gidan mai da furfurarsa. Da ya rasu, kafin a yi masa salla ɗansa ya miƙe gaban jama'a kamar yadda aka saba, ya nema masa gafara, ya ce duk mai bin mahaifinsa bashi ya zo wurinsa. Magana ce da ake yi a kan kowa, a amsa a wuce. Amma yaron nan muryarsa rawa take, don ya san za a zo. Aka kuwa zo. Ba a yi sadakar arba'in ba aka kafa allon sayarwa a ƙofar gidan.

Ranar da Tumiran ya ga allon nan, ya shigo kicin ina yankan albasa, ya ja kujera, ya jera katunan a kan tebur.

"Misnah, shekara uku ta rage mini."

"Ta mutuwa ko ta ritaya?"

"Ke dai ba a maganar arziki da ke." Sannan ya ce, "Ba mu da ɗa namiji. Wa zai miƙe a kaina? Mijin Izzati, wanda ko saninsa ba mu yi ba tukuna? Ya auri yarinya, ya haɗa da bashin ubanta? Ina so ranar da zan ajiye makullin sito, ya zama ba mai bina ko sen ɗaya. Da kati da gida, duka."

Ban bari ya huce ba, na ɗauko almakashin yankan kifi. Na datse na farko, na datse na biyu. Ina kai hannu kan na uku, mai ruwan zinare, ya dafe shi.

"Wannan ki bar shi saboda lalura. Asibiti, ko wani abu."

"Asibiti ko labule, Yaya?"

"Misnah."

To, na bar shi, amma a inda ni na zaɓa. Akwai wata randar shinkafa da na gada daga mahaifiyata, doguwa, mai matsattsen wuya. Kowa ya san dokar randa: ba a barin ta ta ga ƙasa, don gidan da randarsa ta wofinta, arziki juya masa baya yake yi. Tumiran ya fi ni imani da wannan, a kan haka tasa uwar ta rene shi. Na kwashe rabin shinkafar a tire, na naɗe katin a tsumma na tura shi can ƙasa, na ɗora masa dutsen niƙan barkono, na mayar da shinkafa har wuya.

"Ga shi nan, ban hana ka ba," na ce. "Ranar da lalura ta zo, ka juye randar ka ɗauka."

Ya dube ni, ya dubi randar, ya ce, "Allah ya shirye ki."

Daga nan muka ɗaura ɗamara. Muka sayar da babbar motarsa, muka bar tsohuwar ƙaramar tawa, shi ya koma hawa babur zuwa aiki. Ni na shiga soya rogo ina ƙullawa ina kai wa shaguna. Muka fara da katin da bashinsa ya fi ƙanƙanta, da ya mutu muka ɗora kuɗinsa a kan na gaba. Sallar farko da ba rumfa, ni na yi girki da hannuna, wanda ya zo ya ci. Wasu da ba sa fashi duk shekara ba mu ga ƙeyarsu ba, muka gane ashe rumfar suke zuwa gaisarwa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne shagon mai shayi. Ya ce in aka kawo lissafi hannunsa har ƙaiƙayi yake, sai ya zauna a kansa.

Cikin shekara biyu katunan nan uku suka tashi ba ko sisi a kansu. Na yi murna har na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Saura gida. Muka juya duk abin da ya samu a kansa, kuma in ba a yi tuntuɓe ba, biyan ƙarshe zai faɗo daidai watan da Tumiran zai cika sittin. Daidai wa daida, ba rara.

Sai Izzati ta kawo mana Hazwan.

Yaron kirki ne, ba ni da ta cewa a kansa. Mutanen Kuala Lumpur ne. Ranar da suka zo tambaya, bayan an sha shayi an yi addu'a, uwarsa ta gyara mayafi ta ce wa mijina, "To, a wane otal za a yi namu na ɓangaren amarya?" Ba da mugunta ta faɗa ba, a wurinsu haka ake yi. Amma na ga kunnen Tumiran ya yi ja. Ɗan abin da muka tanada don auren, haɗe da kuɗin da dangin ango suka kawo, zai sayi sa da shinkafa da kayan miya. Otal kuwa, mafi arha da ya tambayo, ringgit dubu arba'in.

Bayan mako guda na dawo daga karatun Yasin na matan unguwa da la'asar, na tarar da mai kula da sito durƙushe a kicin, hannunsa cikin randa har kafaɗa, kumatunsa manne da wuyanta, yana nishi. Hannun bai kai ba. Dama na auna.

"Sannu da aiki, Yaya. Ƙwari kake tsincewa?"

Bai ɗago ba. "'Yata guda ɗaya ce, Misnah."

"Na sani, ni na haife ta."

"Matar nan ta tambaye ni otal a gaban mutane. Me zan ce mata? Sau ɗaya ne tak. In kuɗin ritaya suka fito sai in biya."

"Haka Baharom ya ce."

Maganar ta yi zafi, na sani, kuma ban janye ta ba. Ya zaro hannun a hankali, shinkafa manne da gashin damtsensa, ya zauna dirshan a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, don ba son kansa yake ba, kunya ce take cin sa.

"To a ina za a yi?" ya ce.

"A Parit Marto, gidan mahaifinka. A yi rewang."

Rewang gayya ce. Mai biki ya sayi kaya kawai, ƙauye ya fito: maza su kafa rumfa, su yanka, su dafa shinkafa, mata su yi miya, a ci, a wanke, a kwashe. Ba a biyan kowa. Amma ba kyauta ba ce, zubi ne kamar adashi, sai dai da hannu ake zubawa. Tumiran kuwa tun da ya dawo gari ya zama oga, shekara ashirin ke nan, bai taɓa ɗaga ko cokali a bikin kowa ba. Yakan iso lokacin cin abinci cikin rigar batik mai sheƙi, ya damƙa wa mai biki ambulan mai kauri a tafin hannu, ya ci ya tafi, yana ganin ya fi kowa zumunci.

"Ba za su fito ba," ya ce.

Izzati ce ta raba gardamar da ta dawo daga aiki. Ta ce, "Baba, ni dai kar a aurar da ni da kati. Kuma ambeng nake so a bikina, irin na gidan Kaka." Ambeng ɗin nan da ake zuba shinkafa a babban tire, a kewaye ta da kaza da taliya da soyayyar kwakwa, mutum huɗu su sa hannu, abin da ya rage a ƙulle wa kowa ya tafi da shi gida. Ranar Lahadi muka kama hanyar ƙauye.

Shugaban masu girkin Parit Marto shi ne Kawu Salimin, abokin marigayi surukina, tsoho siriri mai haƙori uku da baki kamar reza. Muka same shi a gindin bishiyar rambutan yana wasa wuƙa.

"A'a, manyan baƙi! Oga Tumiran da kansa? Ina ambulan ɗin, ko ka manto shi a mota?"

Tumiran ya durƙusa ya sumbaci hannunsa, ya faɗi abin da ya kawo mu, kansa a ƙasa. Tsohon ya ci gaba da wasa wuƙarsa har sai da na fara jin haushi.

"Ambulanka duk sun iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi," ya ce. "Amma ni tun da nake ban taɓa ganin ambulan ya wanke tire ba. Zumunta a ƙafa take, ɗana. In na ce a fito, za a fito don kunyar mahaifinka, a yi rabin yini a zame ɗaya bayan ɗaya, a bar ka da ɗanyen nama. Haka kake so?"

"To ya zan yi, Kawu?"

"Kafin naka akwai na mutane. Asabar ɗin nan gidan Ponirah, tana aurar da jikarta. Ka zo da tsohon wando."

Ya je. A rewang kowa da matsayinsa, kuma wanda ya zo daga baya, bayan gida ake kai shi wurin wanke-wanke. Mutum mai shekara hamsin da tara, mai ba da umarni a sito, aka ba shi kujerar tsugunno da soso, aka tara masa tirori kamar tsauni. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya.

"Oga, wannan da sauran maiƙo, a sake."

"Ku yi masa a hankali, hannun biro ne."

Ya dawo gida yana tafiya kamar mai naƙuda, yatsunsa duk sun yamutse. Ina shafa masa man zafi a baya yana cewa, "Na daina. Wallahi na daina. Gara in ci bashin." Na ce to. Asabar ta gaba kafin in tashi daga sallar asuba ya sa tsohon wandon.

Ni ma ban tsira ba. Matan suka ba ni buhun albasa, Ponirah tana cewa, "'Yar birni, kin tuna yadda ake riƙe wuƙa, ko a kira miki masu fararen huluna?" Na ce mata wuƙa dai ban manta ba, kuma ba albasa kaɗai take yanka ba. Aka yi dariya, daga ranar aka matsa mini wuri a tabarma.

Haka muka yi ta yi, biki, suna, sadakar mamaci, walimar masu tafiya Hajji. Daga wanke-wanke aka ɗaga Tumiran zuwa kankarar kwakwa, daga nan zuwa hura wuta. Ranar da Kawu Salimin ya miƙa masa muciyar babbar tukunyar shinkafa, ya dawo gida yana ba ni labari kamar an ƙara masa girma a kamfani. Tumbinsa ya ragu. Yaren Jawa da ya watsar tun yana saurayi ya dawo bakinsa. Na lura ya daina cewa "mutanen ƙauye", ya koma kiran kowa da sunansa.

Duk da haka, da bikinmu ya matso barci ya ƙaurace mini. Watanni kaɗan na wanke-wanke za su biya shekara ashirin? Safiyar da za a fara aiki na tsaya a tagar gidan surukina ina leƙen hanyar da ta ratsa gonar kwakwar manja. Sai na ji babur, sai wani, sai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ƙarafan rumfa. Mata suka biyo baya, kowacce da wuƙarta naɗe a zane. Kawu Salimin ya sauko daga bayan babur ya daka wa mijina tsawa: "Kai, uban amarya ba ya taɓa tukunya! Je ka zauna ka yi fara'a, shi ne aikinka."

Ranar biki komai yana tafiya daidai, har hantsi ya ɗaga. Sai Hazwan ya bugo waya daga inda suka tsaya hutawa a babbar hanya, yana ta ba da haƙuri. Bas ɗaya suka ce mana za su zo da ita. Ashe uwarsa, tun da ta ji bikin ƙauye ne da ambeng, ta bi dangi gida gida tana ba da labari, duk wanda rabonsa da cin abinci a tire tun yana yaro ya ce da shi za a je. Bas uku ne a hanya.

Aka taru a bayan gida wurin murhu. Kawu Salimin ya buɗe tukwane ya duba, ya ce, "Miya za mu iya jan ta. Tire na mutum huɗu ya koma na biyar, a kama kajin maƙwabta a ƙara. Shinkafa ce ba ta jawuwa."

Sarkawi mai kantin ƙauye ya ce, "Ɗauki buhu a wurina, Tumiran, ka biya bayan biki."

Kuɗin hannunmu sun ƙare tas a kan kayan biki, gudunmawar baƙi kuma ba a buɗe ta sai an watse. Wani ɗan'uwan Tumiran da ya zo daga gari, irin masu zuwa lokacin cin abinci, ya sa baki: "Me ya yi zafi? Akwai gidan abinci a Muar da zai kawo maka dafaffiyar shinkafar biryani ta mutum ɗari kafin azahar, da nama da komai. Kati kawai za ka goga. Ka fita kunyar surukai."

Tumiran ya dafa kafaɗar mai kanti ya ce, "Na gode, Sarkawi, amma a'a." Ya karɓi makullin ƙaramar motata, bai dube ni ba, ya tafi.

Na bi motar da ido. Na san mijina. Bashin da ido yake gani, na buhu ɗaya a kantin ƙauye, shi ne yake jin kunyarsa. Na banki kuwa, wanda ba wanda zai sani sai ni da wasiƙa, bai taɓa ba shi kunya ba. Kuma na san ba kuɗin biryanin ne abin tsoro ba. In katin nan ya ga rana sau ɗaya, ya gani ke nan. Na shiga ɗakin da ake yi wa Izzati kwalliya, ta dube ni ta madubi ta ce, "Mama, ina Baba?" Na ce ya je ya dawo. Na fito na tsaya a bakin rumfa ina gaisawa da baƙi, ina murmushi da haƙora kawai.

Can sai ga motar ta dawo, tana tafe a hankali kamar ta ɗauko mara lafiya. Na leƙa, ban ga kwalayen biryani ba. A kujerar baya randar mahaifiyata ce zaune, ya ɗaure ta da bel, ya tokare ta da matasan kai na falo.

Maza biyu suka kama masa suka kai ta bayan gida. Ya sa aka kawo babban baho, ya karkata ta.

"Yaya, randar!" na ce. Fita maganar ta yi kafin in yi tunani.

"Ke kika ce ranar lalura in juye. Ga lalura ta zo."

Na san shi ma tsoron yake ji. Amma bai tsaya ba. Shinkafa ta zubo, ta zubo, dutsen niƙa ya faɗo tim, sai ɗan ƙullin tsumma a bayansa. Ya ɗaga randar ya karkaɗe har ƙwayar ƙarshe. Kawu Salimin ya ɗauki ƙullin ya warware, ya ɗaga katin yana ƙyalli a rana.

"Oho! Wannan ne uban ambulan ɗin?"

"Shi ne, Kawu. Riƙe, na ba ka."

Tsohon ya gwada bakinsa da babban yatsa, ya gyaɗa kai. "Zai yi kankarar ƙanzo," ya ce, ya juya ga masu wuta. "Ku kuma me kuke kallo? A wanke shinkafa!"

Kafin basa-basan su iso, tururi yana tashi. 'Yan ganga suka tare ango a bakin hanya suka ja shi a hankali, suka ƙara mana lokaci. Abinci ya isa, da ƙyar dai, masu girki ƙanzo suka ci, kuma da katin Tumiran aka kankaro shi. Uwar ango ta naɗe hannun riga ta ci da hannu a tire ɗaya da Ponirah, ta karɓi ƙullin tafiya da gida, ta tambaya ko akwai wani.

Ni kuwa duk murnar da nake yi, wani abu ya tsaya mini a rai. Randar tana jingine a gindin ayaba, wofi, karo na farko tun da mahaifiyata ta ba ni ita. Ko mene ne ilimin mutum, abin da uwa ta faɗa masa yana yaro ba ya fita. Washegari da aka gama kwashe rumfa na je ɗaukar ta, ban gan ta ba. Sai da yamma Ponirah da wasu mata suka kawo ta a baro.

"Kwanon mutane ba a mayar da shi wofi, 'yar birni," ta ce. "Ko wannan ma kin manta?"

Na leƙa. Kowacce ta zuba abin da take da shi, doguwa da gajera, mai ƙamshi da 'yar gari, duk a cakuɗe. Ba ta cika ba, ta dai wuce rabi. Na rungume Ponirah, ta ture ni ta ce ina warin albasa.

Gudunmawar biki gaba ɗaya muka kai banki a kan gida. Tumiran ya cika sittin, ya ajiye makullin sito, kuma a watan muka yi biyan ƙarshe. Kuɗin ritayarsa suka shigo suka kwana, suka sake kwana, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da banki ya sallamo mana takardar gida, na dafa ambeng daga cakuɗaɗɗiyar shinkafar nan, tire ɗaya, mu huɗu a tabarmar falo. Labulen shekara huɗu da suka wuce ne a tagar, kuma ba abin da ya same su.

Bayan an wanke hannu, Tumiran ya ɗauko takardar ya ajiye a gaban Hazwan.

"Duba nan da kyau, ɗana. Wata rana kai za ka miƙe a kaina gaban jama'a, ka ce duk mai bin surukinka bashi ya zo."

"Haba, Baba, Allah ya ja da rai," Izzati ta ce, idonta ya kawo ruwa.

"Amin. Amma ranar za ta zo. In ta zo, ka faɗe ta da ƙarfi, kar muryarka ta yi rawa. Ba wanda zai zo."

Hazwan ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda, Baba." Ni kuma ba na son in yi kuka a gaban suruki.

"Ka dai rage cika baki," na ce. "Akwai mai bin ka. Kawu Salimin ya aiko, ya ce shekara ashirin ba ta biyuwa a 'yan watanni. Asabar akwai suna a gidan Sarkawi."

Tumiran ya yi dariya har da tari. Ya mayar da takardar cikin jakarta, ya dubi ƙafafun Hazwan daga sama har ƙasa.

"Kana da tsohon wando?" ya ce.